Kaset Ɗin Cikin Adaka: Yadda Wani Gida a Sharaɗa Ya Ceto Bidiyonsa

Fiye da shekara ashirin ke nan masana suna rubuce-rubuce a kan bidiyon Hausa, amma bidiyon da suke nufi shi ne na kasuwa. Tun daga *Turmin Danya*, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, zuwa babban taron da aka yi a kan finafinan Hausa a Kano a 2003, zuwa littafin Brian Larkin na 2008 da ya bi diddigin cinikin kaset a Ƙofar Wambai, hankali ya karkata ne ga fim ɗin da aka shirya domin sayarwa. Sunan da aka laƙaba wa waɗannan finafinai a Turance ma ma'anarsa "bidiyon gida", saboda a gida ake kallonsu ba a silima ba. Sai wannan suna ya lulluɓe wani bidiyon gidan na daban, wato wanda iyali suka ɗauka domin kansu: na biki, na suna, na walimar sauka, na rakiyar alhazai. Wannan ba ya da furodusa, ba ya da fosta, bai taɓa zuwa gaban Hukumar Tace Finafinai ba. Yana cikin adaka da kwaba da saman sif, ƙura da danshi suna cin sa a hankali.

Unguwannin da suka kewaye rukunan masana'antun Kano suna cikin wuraren da irin wannan kaset ya taru. Bompai ce babbarsu a shekaru, domin tun ƙarshen zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a cikinta. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a lokacin da kuɗin man fetur ya yalwata. Masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na man gyaɗa, na alewa, na kwanuka, duk sun ɗebi mutane daga Gwagwarwa da Dakata da Ja'en da Fanshekara, da ƙauyukan da ke bayansu. Paul Lubeck ya nazarci waɗannan ma'aikata a littafinsa na 1986, ya nuna yadda tsofaffin almajirai suka zama leburorin kamfani. Abin da albashin wata-wata ya ba irin wannan mutum shi ne damar yin lissafi: bana keke, baɗi rediyo, daga nan talabijin, in Allah ya buɗa kuma bidiyo.

Wani abin lura shi ne haɗuwar lokuta biyu. Kamfanin JVC ya fito da tsarin VHS a 1976, amma sai a shekarun 1980 na'urar ta shiga gidajen masu matsakaicin ƙarfi a Kano. A tsakiyar waɗannan shekaru, a 1986, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta karye, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Bayan haka ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje suka ƙarasa abin da ya rage. Ke nan kyamara ta iso hannun ma'aikaci ne a daidai lokacin da rayuwar da za ta ɗauka ta fara sulalewa. Duk wanda ya kalli kaset ɗin waɗannan gidaje a jere zai ga wannan da idonsa, ba tare da kowa ya yi masa bayani ba: yawan kwanukan abinci a tsakar gida, irin lefen da aka baje, da girman takardun kuɗin da ake liƙawa maroƙa.

Maigidan da wannan bayani ya shafa ya zo Kano yana yaro da allonsa. Ya fara leburanci a wani kamfani a Bompai, ya koma wata masaƙa a Sharaɗa, ya yi ta hawa har ya zama fomen a ɓangaren rini. A ƙarshen shekarun 1980 ya sauke farali, ya dawo daga Jidda da kyamara irin babbar nan da ake saɓawa a kafaɗa, wadda ake zura mata cikakken kaset. Da farko abin sha'awa ne kawai. Da aka rage ma'aikata guguwar ta haɗa da shi, sai kyamarar ta zama jari: ya riƙa ɗaukar bukukuwa ana biyan sa, har zuwa lokacin da samari masu ƙananan kyamarori suka karɓe kasuwar. Ya rasu ya bar mata biyu, da 'ya'ya goma sha ɗaya, da adakar ƙarfe mai ɗauke da kaset 58 a ƙarƙashin gadon uwargidansa. Amaryar ba ta daɗe ba ita ma ta bi shi.

Shekaru suka shuɗe ba wanda ya taɓa adakar. Abin da ya tayar da maganar shi ne idon Hajiya, uwargidan, da ya fara dusashewa. Likita ya ce ganin zai riƙa raguwa ne, ba zai ƙaru ba. Wata rana ta ce wa ɗan autanta, wanda ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ya haɗa mata bidiyon nan. Ya ce, "Hajiya, ai bidiyon ya mutu tun ina firamare." Ta ce, "Akwatin ne ya mutu, ko abin da ke ciki?" Bai sami amsa ba, sai ya kai maganar wurin babbar yayarsu, malamar makarantar sakandare, wadda a gidan ba a yanke wani abu sai da ita.

Tambayar Hajiya ta fi yadda ta zata nauyi. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafe da garin maganaɗisu, aka manne shi da wani irin danƙo. Danƙon nan yana shan danshi, yana lalacewa, zafi kuma yana gaggauta lalacewar tasa. Yanayin Kano ya haɗa abokan gabar kaset guda uku, kowanne da lokacinsa: zafin bazara, laimar damina, da ƙurar hunturu. Da aka buɗe adakar, an tarar wasu kaset ɗin sun yi fari fat ta bayan tagarsu, hunhuna ta kama gefen zaren. Amma ba lalacewar zare ce babbar barazana ba. Kamfanin Funai na ƙasar Jafan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a watan Yulin 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa zuwa wajajen 2025 samun na'urorin kunna irin wannan zare zai yi wuya ainun. Wato kaset na iya rayuwa lafiya lau, ya rasa bakin da zai yi magana da shi.

Auta ya yi sati uku yana zagayen masu gyaran rediyo daga Sabon Gari zuwa Ƙofar Wambai kafin ya haɗa bidiyo ɗaya mai rai daga matattu guda biyu. Tsohon mai gyaran da ya haɗa masa ya ba shi shawarar da ta fi duk abin da ya gani a intanet amfani: kada ya fara da kaset ɗin da ya fi so, domin idan injin zai tauna zare, na farko yake taunawa, kada ya sa mai hunhuna sai a ƙarshe, bayan an goge shi, kuma ya riƙa share kan bidiyon da sifirit duk bayan kaset biyu ko uku. Sauran aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗauko hoto da sauti daga bayan bidiyon ta wayoyin nan masu launin rawaya da fari, a shigar da su wata 'yar na'ura da ke mayar da su lambobi, ita kuma ta miƙa wa kwamfuta. Wahalarsa lokaci ne. Ba a kwafe kaset da sauri yadda ake tura waƙa a waya. Kaset mai lamba E-180 awa uku yake ci, kuma dole mutum ya zauna a gabansa awa ukun. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, sai a koma baya. Bayan hakan ta faru sau biyu, aka mayar da aikin ɗakin Yaya, inda akwai sola da batir, aka riƙa yin kaset ɗaya kowace rana bayan sallar isha'i.

Ba wannan ne karon farko da gidan ya gwada sauya wa bidiyonsa mazauni ba. A farkon shekarun 2000, lokacin da faifan VCD ya mamaye Kano, wani daga cikin 'ya'yan ya kai kaset huɗu shago aka juye su a faifai, ya bar kaset ɗin a can, yana ganin an gama da su. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato rabin layukan da talabijin ɗin ƙasar nan ke nunawa. Faifan kuwa da ake toyawa a shago ba ya jure karce da zafi. Biyu daga cikin huɗun sun daina buɗuwa gaba ɗaya, kuma a cikinsu har da sunan ɗan fari na ɗakin amarya. Saboda haka Yaya ta kafa doka tun ranar farko: komai kyawun kwafi, ba za a yar da kaset ko ɗaya ba. Aka kuma yi kwafi iri biyu. Na farko babba ne, wanda ba a matse shi sosai ba, awa ɗaya tana cin kimanin gigabait 13. Wannan na ajiya ne, ba a taɓa shi. Na biyu ƙarami ne a tsarin MP4, wanda kowace waya da kowane talabijin na zamani ke iya buɗewa. Shi ne na kallo.

A nan ne Auta ya so ya nuna gwaninta. Akwai manhajoji da ke iƙirarin wanke tsohon hoto su mayar da shi tamkar na jiya. Ya gwada ɗaya a kan fuskar mahaifinsu, ta fito tas, har gashin gemu ana ƙirgawa. Hajiya ta kanga wayar kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙa masa, ta ce, "Wannan wane ne?" Gaskiyarta. Irin wannan manhaja ba tono abin da ya ɓace take yi ba, cike gurbin take yi da ƙiyasi daga fuskokin wasu mutane, shi ya sa tsagen da ke kuncin marigayin ya baje ya zama inuwa. Dishi-dishin tsohon kaset aƙalla ba ya ƙarya. Haka nan aka hana talabijin ya miƙe hoton ya cika faffaɗan allonsa, bayan wata gwaggo ta rantse ba ta taɓa yin ƙibar da aka nuna ta da ita ba.

Aikin da ya fi cin rai, kuma wanda ya fi dacewa da hankalin mai nazarin Hausa, shi ne sanya wa hotunan suna da lokaci. Marigayin ya rubuta wa wasu kaset ɗin suna da ajami, wasu da boko, wasu bai rubuta komai ba. Kaset guda kan ƙunshi abu huɗu ko biyar, domin zare tsada gare shi, ba a barin sa fanko: a fara da kamu, a faɗa Hawan Daushe, a ƙare da wasan kwaikwayon da aka naɗa daga tashar CTV. Kwanan watan da kyamara ke bugawa a kusurwa kuwa sau da yawa ɗaya ga Janairu yake nunawa, alamar batirin agogonta ya mutu. Hajiya ba ta lissafi da shekarun miladiyya. Lissafinta shi ne "shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle", wato 1988, ko "bayan rasuwar Abacha da wata biyu", wato 1998, ko "kafin ƙaddamar da Shari'a", wato kafin Yunin 2000. Yaya ce ta gano wata hujjar da ba ta jayayya: kuɗin liƙi. Takardar naira 50 ta fito a 1991, ta naira 100 a ƙarshen 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1000 a 2005. Idan aka tsayar da hoto a goshin amarya ko na makaɗi, takardar da ke manne a wurin za ta faɗi shekarar da bikin ba zai gabace ta ba.

Sai kuma alkunya. Hajiya ba ta faɗin sunan mijinta ko bayan ransa, ba ta kuma faɗin sunan 'yarta ta fari. Auta ya rubuta wa fayil ɗin sunaye na yanka yadda kwamfuta ke so. Da aka karanta mata jerin sai ta kau da kai, jikokin da ke karantawar ma bakinsu ya yi nauyi, domin ba a saba jin yaro ya ambaci sunan kakansa gatsau ba. Aka sake lale. Kowane fayil ya sami lamba a gaba, sannan shekara, sannan sunan da gidan ke kiran abin da shi: "Bikin Yaya, kamu", "Sunan Auta", "Rakiyar Baba filin jirgi". Cikakkun sunaye da bayanin waɗanda suka fito a kowane hoto aka zuba su a wani littafin rubutu mai bango mai kauri, shafin dama da boko, na hagu da ajami. Masana ilimin adana kayan tarihi za su ce wannan tsari bai bi ƙa'ida ba. Amma taskar da masu ita ke jin kunyar karanta sunayenta ba za a riƙa buɗe ta ba, kuma wadda ba a buɗewa ba a sanin ranar da ta lalace.

Da aka gama juyewa aka zo kan ainihin buƙatar, wato yadda tsohuwa mai raunin gani za ta kalli abinta ba tare da ta jira wani ya taso daga kasuwa ba. Shawarar farko ita ce a ɗora komai a Google Drive a raba wa dangi mahaɗi. Gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na kwafin kallon ba, kuma kowane kallo sai an ƙona data, ga kalmar sirri da rabin dangin suka manta cikin mako guda. Shawara ta biyu ta fi burgewa: Auta ya girka manhajar Jellyfin a wata tsohuwar kwamfuta, ta jera bidiyoyin da hotunansu tamkar shagon finafinai, kowace wayar da ke gidan tana iya kamawa. Tsari ne mai kyau ga gidan da wuta ba ta yankewa. A Sharaɗa, inda ƙarancin wutar ya taimaka wajen rufe masaƙar da ta sayi kyamarar, kwamfutar ta fi daɗewa a kashe.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe ba sabo ba ne. Shi ne tsarin da masu tura finafinai a waya suka daɗe da koya wa Kano: fayil a cikin memori, ba ruwanka da intanet. Aka yanka dogayen bidiyoyin gunduwa-gunduwa, minti biyar zuwa goma sha biyar, yadda babu wanda ya kusa iyakar gigabait 4 da tsohon tsarin filas ke ƙin karɓa. Aka sa filas ɗaya a bayan talabijin ɗin falo, aka naɗe shi da salatif don kada yara su zare. Aka ɗiga jan farce a kan maɓallai uku na rimot. Hajiya ta haddace lambobin da take so, jikarta 'yar aji huɗu ta zama direba. Aka sa mata kuma memori a wayarta mai ɗauke da sauti zalla, domin an lura ba kallon take yi ba sosai: takan juya kunne ne wajen talabijin. Lamba 7 ta fi nema. Ba komai a cikinta sai tsakar gida da safiyar wata Sallah, marigayin yana bayan kyamara ba a ganin sa, yana faɗa wa yara su daina tsalle su tsaya a jere, abokiyar zamanta kuma tana dariya daga madafi.

Sauƙin nan shi ya haifi rigima. Kaset yana da nauyi, yana da jiki guda, ana sanin hannun da yake. Wanda zai ara sai ya yi sallama. Fayil kuwa magana ce, zarar bunu. Cikin kwana biyu da raba memori ga 'yan'uwa, wani yanki na kamun Yaya ya bayyana a zauren WhatsApp na dangi, mai mutum fiye da tamanin, ciki har da surukai maza. A cikinsa mata ne tsantsa a cikin gida, ba mayafi, ana kiɗan ƙwarya suna rawa, wasunsu a lokacin 'yanmata, yanzu kuwa iyayen gida masu surukai, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A lokacin da aka ɗauka sun sake ne saboda mai kyamarar maigidan ne ko ƙaninsu, kuma sun san kaset ɗin ba zai wuce ɗakin Hajiya ba. Baffansu, ƙanin marigayin, ya zo da kansa. Ya ce, "'Yata, wannan abu ba ku nemi izinin kowa ba. Matan mutane ne a ciki. Ni a ganina a goge." Yaya ta russuna ta ce, "Baffa, a yi mana haƙuri, za a gyara. Amma idan aka goge, muryar Inna ma ta tafi, ba mu da wata."

Ba daidai ba ne a ɗauki Baffa a matsayin mai tsaurin ra'ayi kawai. Duk wanda ya zauna a Kano a 2007 ya ga yadda wani bidiyon sirri da ya fita daga wata waya ya girgiza masana'antar fim baki ɗaya, kuma wayoyin wancan lokaci ba su kai na yau saurin yaɗa abu ba. Amincewar da mace ta bayar a 1993 ta bayar ne ga fasahar 1993. Sai dai gogewa ma hukunci ne da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kuma abin da zai hallaka ba hoto kaɗai ba ne: waƙoƙin da mata ke yi wa amarya, guɗa, habaici tsakanin dangin ango da na amarya, salon ɗaurin ɗankwali, jeren kwalla da tasa a bangon ɗaki, duk abin da mai bincike namiji bai taɓa samun shiga ya gani ba. Matsayar da aka cimma ita ce raba taskar gida uku. Kashi na farko na kowa ne: Sallah, sauka, ɗaurin aure, rakiya. Na biyu na mata ne, yana cikin filas guda a hannun Yaya, ana kallon sa a ɗakin Hajiya, ba a tura wa kowa, kuma duk wadda ta fito a ciki tana da ikon cewa a cire wurinta daga kwafin kallo. Mata biyu sun nemi hakan. Ɗaya daga cikinsu ta roƙi a fara nuna mata sau ɗaya tukuna. Kashi na uku shi ne kaset 19 na bukukuwan mutanen da marigayin ya yi wa aiki ba su zo sun karɓi nasu ba. Waɗannan amana ce. An juye su don kada su mutu, ba a kalle su ba sai gwargwadon gane masu su, kuma zuwa yanzu an mayar da shida.

Babban kwafin ajiya yana wuri uku: rumbu ɗaya a Sharaɗa, ɗaya a wurin ɗan'uwansu da ke Kaduna, kashin farko kuma a ma'ajiyar intanet da 'yan'uwa ke karo-karon biya. Rumbun kwamfuta ma ba ya dawwama, sai an riƙa duba shi ana sabuntawa bayan 'yan shekaru, kuma wannan nauyi ne da ya fi ƙarfin gida ɗaya idan aka yi maganar zuriya biyu ko uku. Fim ɗin *Shaihu Umar* na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya ɓata har sai da aka gano shi a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Idan fim ɗin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, wanda aka ciro daga littafin Firayim Minista, ya yi irin wannan ɓatan dabo, ba sai an faɗi makomar kaset ɗin fomen ba. Sassan nazarin harsunan Nijeriya sun tara kundaye masu yawa a kan bukukuwan aure, akasarinsu daga hira da tsofaffi a kan yadda ake yi a da, alhali "da" ɗin tana nan da sautinta da motsinta a unguwannin da ba su fi tafiyar rabin awa daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ba. Sashen da zai tanadi bidiyo biyu masu lafiya da ɗalibai mata da za su shiga gidaje, ya juye wa iyali kyauta bisa yarjejeniyar abin da za a ajiye da abin da ba za a taɓa nunawa ba, zai tara abin da babu shi a Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Arewa.

Kaset ɗaya ne a adakar bai shiga ko ɗaya daga cikin kason uku ba. A bayansa an rubuta "kamfani" da ajami. Walimar sallamar wani babban ma'aikaci ce, amma kafin a fara marigayin ya zagaya da kyamara cikin masaƙar na kusan minti arba'in. Ana ganin kekuna jere a bakin ƙofa sun fi ɗari, ana jin jiniyar canjin aiki, sannan ƙarar injunan saƙa ta cika sautin har ba a jin maganar kowa, ma'aikata suna zance da hannu. A ɗakin rini, inda ƙarar ta lafa, Hausar kamfani ta fito: heluma, obataya, kwantiragi, garatuti, a bakin Bakano da Babarbare da Bayarabe da mutumin Binuwai, kowa da karin harshensa. 'Ya'yan ba su san kowa a ciki ba, Hajiya ma ba ta taɓa taka wurin ba.

Auta ya nemo wani abokin aikin mahaifinsu da ke zaune a Ja'en, ya kai masa a waya. Dattijon ya ce a kai shi inda allo ya fi girma. Aka zaunar da shi a falo, aka ba shi rimot, aka nuna masa maɓallin tsayarwa. Ya riƙa tsayar da hoton fuska bayan fuska yana faɗin suna da gari da abin da ya biyo baya: wannan ya koma gona a ƙasar Rano, wannan ya yi acaɓa har aka hana a 2013, ya koma A Daidaita Sahu, wannan yana gadi a ginin masaƙar kanta, wadda yanzu sito ce ta kayan da ake shigowa da su, wannan ya rasu yana bin haƙƙinsa. Ya gane mutum 34. Minti arba'in ɗin ya ɗauke su daga la'asar har bayan isha'i, da hutun salla biyu. Yaya ta ajiye wayarta a kan tebur tana naɗar bayaninsa tun daga farko, bayan ta nemi izininsa. Da ya zo tafiya ya tambaya ko za a iya sa masa a memori, domin akwai mutum biyar daga cikinsu da suke haɗuwa a masallacin Juma'a. Aka sa masa, aka rubuta sunansa a littafin a matsayin wanda ke riƙe da kwafi, naɗin muryarsa kuma aka ba shi lamba 59.